Ruwan Zinaren Mai Kemis

Masu karatu, na ga saƙonninku. Wata ta ce in bar wa Allah. Wata ta ce ai maza haka suke. Wani kuma, daga jin rubutunsa namiji ne, ya ce boko ne ya yi mini yawa shi ya sa zuciyata ta bushe. Na gode muku duka. Ku dai bari in ba ku labarin yadda Mai Kemis ya dawo, sannan kowa ya yanke mini hukuncin da ya ga dama. Ban zo nan don a wanke ni ba.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni: ni ce auta a gidanmu, kuma Auta ake kirana har yanzu da nake digiri na biyu a kimiyyar sinadarai. Duk aikina a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a a kan fure ɗaya yake, furen wata shuka mai yaɗo da ake kira hop. A ƙasashen sanyi ake noma ta, a bushe take iso mana cikin leda mai ƙyalli. Idan ka murza furen a tafin hannunka, wani gari ne mai ruwan ɗorawa ke zubowa, mai danƙo, mai ɗaci kamar ya tsinke harshe. A cikin garin nan sinadarin da nake bi yake, sunansa zantohumol. Laifin furen guda ɗaya ne tak: shi masu yin giya suke zubawa don ta yi ɗaci.

Wannan laifin ne ya ci aurena.

Mai Kemis yana da shagon magani a bakin titinmu. Mutane suna ce masa Dakta, shi kuma bai taɓa gyara musu ba. Dogo ne, mai tsabta, kullum da biro biyu a aljihun gaba. Mun daɗe tare, har manya sun shiga maganar. Ranar da ya kai ni gaida mahaifiyarsa, daga wurin aiki ya ɗauko ni. Ina sanye da doguwar riga ruwan toka da mayafi fari mai ɗinkin fulawa a baki, wanda na yi ta tanadi don wannan ranar. Ban lura ba ashe bakin mayafin ya tsoma a ruwan da muke jiƙa furen. Sinadarin nan ba ya narkewa a ruwan sha, sai a barasar gwaji muke tatso shi, wadda ko mahaukaci ba zai kai baki ba.

Hajiya tana zaune a doguwar kujera, ƙawayenta biyu a gefe, fanka tana juyawa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ɗan ɗaga hanci.

"Warin mene ne wannan?"

Na yi mata bayani da ladabi. Ban rufe baki ba ƙanwarsa ta gama latsa waya.

"Hajiya, wallahi furen giya ne. Ga shi nan an rubuta."

Hajiya ta dubi ɗanta, ba ni ba. "Duk matan garin nan ka rasa wadda za ka kawo mini sai mai giya?" Sai ta nuna wa ƙanwarsa kofin da na sha ruwa da shi. "Ke, ɗauke wannan ki kai bayan gida. Kada ya sake shigo mini cikin kwanuka."

Shi kuwa yana zaune a ƙasan kafet yana juya makullin mota a yatsa. Ko tari bai yi ba. Da yamma saƙonsa ya shigo, da sunan da yake kirana da shi: "Ki yi haƙuri Farfesa, ba zan iya saɓa wa Hajiya ba. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Kafin wata ya ƙare sunan ya zagaye unguwa. Mai Giya. Ummata ta daina zuwa taron mata, ta ce ƙafa ke damunta. Ni na san ba ƙafa ba ce.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, duk abin da ya sani a kan furen nan daga bakina ya ji shi. Lokacin da muke ɗasawa, duk sanda zan gabatar da aikina gaban malamai, a kansa nake gwaji ta waya.

"Ka ɗauka sarƙa ce," nakan ce masa, "zobe ɗaya a wannan baki, zobe ɗaya a wancan, tsakiyarsu a buɗe. Muddin tana buɗe, zantohumol ne. Da ta sha wuta sai tsakiyar ta naɗe ta ƙulle kanta, ta zama zobe na uku. Daga nan ya zama wani sinadari daban, launin ma sai ya dushe. Shi ya sa giyar da ake ta magana kusan babu shi a cikinta, tafasa ta cinye shi."

"To amma yana kashe sankara, ko?"

"A cikin faranti. Ƙwayoyin cutar da aka raina a ɗakin gwaji. A cikin faranti ai ko ruwan wanke banɗaki yana kashe su."

"A jikin mutum fa?"

"A ɓeraye an ga ya rage kumburi, ya rage ƙiba da sukari. A mutane gwajin bai yi yawa ba, kuma ko an sha, kaɗan ne ke shiga jini. Ba wanda ya ce magani ne tukuna. Wataƙila wata rana."

Sai ya yi dariya. "Farfesa, wataƙila ba ta sayar da kaya."

A lokacin na ɗauka barkwanci ne. Har daɗi nake ji wai ina da saurayi mai sauraro.

Bayan rabuwarmu da 'yan watanni, abokiyar aikina, wadda muke kira Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa, ta miƙo mini wayarta muna cikin wanke kwalabe.

"Zo ki ga tsohon mijinki da bai zama ba."

Ga shi nan a bidiyo, cikin farar riga irin tamu, har da abin awon ƙirji a wuya. A hannunsa kwalba mai murfin zinare. "Ruwan Zinare," yake cewa, "daga furen da Turawa suka ɓoye mana. Sankara, sukari, ƙiba, ciwon gaɓoɓi. Babu ɗigon barasa a ciki, jama'a, ruwa ne da wuta kawai. Tun safe muke ɗora shi, ba ma saukewa sai la'asar, don maganin ya fito sosai."

Na yi dariya har na sarƙe. Tun safe har la'asar! Ya ɗauka irin saiwar nan ce da kakanninmu ke dafawa, wadda in ta fi daɗewa a wuta ta fi ƙarfi. Ya riƙe rabin karatuna da ke kawo ciniki, ya zubar da rabin da ke cewa wuta ce ajalin abin.

Da dariyar ta lafa sai na sake duban kwalbar. Furen da aka fasa aurena a kansa, shi ne a hannun ɗan Hajiya, an sa masa murfin zinare.

Kasuwa ta buɗe masa. Ya kama babban shago mai gilashi, ya sa ranar buɗewa a ƙarshen wata, za a nuna taron kai tsaye a waya. Sai dai a ƙarƙashin bidiyoyinsa mutane sun fara tambaya: wane masani ne ya gwada? Wace jami'a ce ta duba?

A nan ya tuna da ni.

"Salam Farfesa ta. Kwana da yawa."

Na bar shi a buɗe, ya ga na karanta.

"Wallahi ban taɓa samun sukuni ba tun da muka rabu."

"Hajiya ma ta sauko. Ita da kanta take tambayarki."

"Ina so mu gyara. In Allah ya yarda bayan buɗe shago sai a yi komai. Ke ce ma za ki yi wa mutane bayani ranar, da farar rigarki. Wa ya fi ki sanin abin?"

Bai tsaya a kaina ba, ya bi ta wurin Umma. Na dawo daga makaranta na tarar da kwalin Ruwan Zinare a kan teburin falo, kusa da rediyon Baba, da turare da yadi mai tsada. Umma tana ninke wanki tana murmushin da na daɗe ban gani ba.

"Auta, zauna mu yi magana."

"Umma, in maganar mai kwalaben nan ce, na gaji."

"Mutum ya yi kuskure ya dawo da ƙafarsa, me kike so kuma? Ya kwanta ki taka shi?"

"Da zai kwanta da na taka."

"Kul! Ki ji mini yarinya." Ta ajiye zanen da ke hannunta. "Ke ba ki san abin da na haɗiye a unguwar nan ba. Ranar da kika tsaya kusa da shi a gaban jama'a, uwarsa tana zaune tana tafa miki, duk bakin da ya kira ki da sunan nan sai ya rufe. Ni abin da nake so ke nan kafin in mutu."

Na dube ta. Idonta ya kawo ruwa. Na ce, "Shi ke nan Umma. Zan je."

Ta rungume ni tana sa mini albarka. Allah ya yafe mini, albarkar nan ba ta san me take sa wa ba.

Washegari na ɗauki kwalba ɗaya na tafi da ita wurin aiki. Muna da na'urar da ke rarrabe abin da ke cikin ruwa, ta zana wa kowane sinadari tudunsa a kan allo. Na tace Ruwan Zinare na ba ta. Rediyo ta jawo kujera ta zauna kamar mai jiran fim.

Inda tudun zantohumol ya kamata ya tashi, ɗan ƙurji ne kawai, sai ka matso ka gan shi. Can gefe ga tudun ɗan'uwansa mai ƙullallen zobe, wanda wuta ta haifa. Sai kuma wani ƙaton tudu da ban gane ba, mai tsayi kamar hasumiya.

Rediyo ta buɗe kwalbar ta shinshina, ta ɗiga a farar takarda, ta kwashe da dariya. "Kurkum ne! Wallahi kurkum ne ya zuba don ya yi launi. Zinaren ke nan!"

"Bar shi," na ce. "Kada ki gaya wa kowa."

"Me za ki yi?"

"Zan sa farar rigata, guga har ta yi ƙara. Zan bari ya gabatar da ni, ya ce ga masaniya daga jami'a, ga kuma amaryarsa. Zan karɓi abin magana in yi sallama. Sannan in ɗaga hoton allon nan."

"A gaban uwarsa?"

"Saboda uwarsa."

Rediyo ta kama haɓa. "Ke Auta, ashe haka kike? Ni fa na ɗauka salihar baiwa ce ke."

Kwanakin da suka biyo baya, ban taɓa jin daɗin rayuwa irinsu ba. Ina amsa saƙonninsa har da alamar fure. Ina tsaye gaban madubi ina gwada yadda zan ce "kurkum", a hankali, don kowa ya ji. Abinci ma ya dawo mini da ɗanɗano.

Sai Umma ta ce dole in je in duba Hajiya, ba ta da lafiya, an yi mata aiki watannin baya. Ban so ba, amma na ga zuwan zai ƙara kwantar musu da hankali. Na sa baƙar abaya mai duwatsu a hannu, na fesa turare har ya yi yawa, da gangan.

A ɗakinta na same ta, ba a falo ba. Ta rame, wuyanta ya fito. Ta lulluɓe da zane mai kauri duk da zafin rana, amma na ga yadda gefen ƙirjinta na hagu ya shafe. Ban buƙaci a gaya mini wane aiki aka yi ba. A ƙarƙashin gado kwalaben Ruwan Zinare ne a jere, wasu cike wasu babu komai. A kan durowar madubi kuma, bayan gwangwanin hoda da carbi, wani farin kwali ne na asibiti, ƙura ta hau kansa.

Na san ƙwayar. Ita ake ba matan da aka yi wa aikin sankarar mama, irin wadda sinadarin jikin mace ke ciyarwa. Aikinta ta toshe wa sinadarin hanya don kada cutar ta samu abin da za ta sake tashi da shi. Shekaru ake yi ana sha, ba a tsallake.

"Hajiya, wannan ba a sha ne?"

"Na bar shi. Zufa yake sa ni, ga ciwon gwiwa. Na ɗana ya fiye mini." Ta gyara kwanciya ta dube ni sama da ƙasa. "Kin gani ko? Ashe abin naku yana da amfani, hannun kirki ne bai samu ba. Da ya faɗo hannun ɗan halak ga shi ya zama magani."

Masu karatu, akwai abin da ban gaya wa ɗanta ba a wayar can, don bai taɓa bari na kai nan ba. Wancan ɗan'uwan mai ƙullallen zobe, idan ya sauka a hanjin wasu mutane, ƙananan halittun da ke ciki suna juya shi ya zama wani sinadari mai kwaikwayon na jikin mace. Ba wanda ya tabbatar mini cewa abin da ke cikin kwalbar nan ya isa ya tayar da cuta. Amma babu likitan da zai ga mace irin Hajiya ya ce ta sha. Ta ajiye abin da ke rufe ƙofa, ta ɗauki abin da wataƙila yake tura ta.

Duk wannan yana bakina. Na dubi fuskarta, na tuna kofin nan da aka kai bayan gida.

Na ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Hajiya."

Na tashi na fito.

Kada ku ce ban san abin da na yi ba. Na sani sarai. Idan na faɗa a ranar, ɗanta zai ji, zai gane na gwada kwalbar, zai soke gayyatata ya nemo wani mai farar riga da zai karanta abin da aka rubuta masa. Shirina ya rushe ke nan, sunan Mai Giya kuma ya zauna mini har kabari. Idan na yi shiru zuwa ƙarshen wata, na samu duk abin da nake so. 'Yan makonni ne, na ce wa kaina. Watanni ta yi ba ta sha ba, ni na sa ta? Ni na dafa? Ni na zuba kurkum?

Amma abin ya ƙi barina. Ina auna gari a sikeli sai in ga farin kwalin nan. Abin da na kasa warwarewa shi ne wannan: in na yi magana a taro, ramuwa ce. In na yi shiru a ɗakinta, ita ma ramuwa ce, kuma ta fi muni, don ba wanda zai taɓa kama ni da ita. Ni kuwa ramuwar da nake so, wadda za a gani ce. Ina so Hajiya ta kasance da rai da lafiya, a zaune daram, ta ji abin da zan faɗa. Ban yi shirin nan don in rama a kan gawa ba.

Kada ku kira shi tausayi. Ban ji tausayinta ba ko kaɗan.

Ranar da ba ni da aiki na koma, da hantsi. Mai Kemis yana gida, ya tare ni a ƙofa da fara'a har kunne.

"Farfesa da kanta! Shiga, shiga, bari in samo miki lemo mai sanyi."

Yana fita na jawo kujerar roba kusa da gadon. Ban yi kwana-kwana ba. Na gaya mata na gwada kwalbar. Na gaya mata abin da wuta ta yi, da kurkum, da abin da ake tsoro ga mai irin ciwonta. Na ce ta koma wa ƙwayarta yau, ta koma wurin likitanta gobe, in zufar ce ta dame ta akwai abin da za su yi mata.

Na zaci za ta zage ni. Sai ta mayar da ido kan silin.

"Kin gama?"

"Na gama."

"Ke a ganinki ban san ruwan banza ba ne? A bayan gidan nan ake dafa shi. Ni na ba shi tukunyar."



"Ya ɗauke ni a waya," ta ce, "na faɗa da bakina cewa na bar maganin asibiti na samu lafiya. Da wannan ya samu kasuwa. In aka ga uwar mai magani tana layi a asibiti, wa zai saya? Yaron nan tun rasuwar ubansa yake fama. Yanzu ne ya ɗaga kai."

"Matan da suka ga bidiyon suka ajiye nasu maganin fa?"

"Kowa da uwar da ta haife shi." Sai ta miƙo hannu ta damƙe wuyan hannuna. Ban zaci akwai sauran ƙarfi haka a jikinta ba. "Ji nan, 'yar nan. Na san abin da ya kawo ki cikin maganar taron nan, ni ba yarinya ba ce. Ki rufa masa asiri, ni kuma zan riƙa shan ƙwayar a ɓoye, kullum, a gabanki ma in kina so. In kuwa kika tona shi, wallahi ba zan sake haɗiyar ko ɗaya ba. Abin da ya same ni yana wuyanki."

Kun ji mace! Tana kwance, rabin ƙirji babu, amma ta ɗauki ranta ta ɗora mini a ka kamar tulu.

Daidai nan ya shigo da lemo da kofi a kan faranti. Ya ga hannunta a nawa, ya washe baki.

"Masha Allah, uwa da 'ya."

Na zare hannuna. "Dakta, ajiye farantin. Hajiya ta yi mini tayi, ina so ka ji, don kai ne ribar cinikin."

"Ke!" in ji Hajiya.

Ban saurare ta ba. Na maimaita masa komai, tun daga tudun da babu har zuwa rantsuwar da ta yi. Na nuna masa farin kwalin da ƙurarsa. Na ce, "Kai mai sayar da magani ne, ka san ƙwayar nan, ka san abin da barinta ke jawowa. Ga mahaifiyarka, ga shagonka. Ni na cire bakina. Kai za ka faɗa mata abin da za ta yi."

Ya ajiye farantin a kan durowa. Ya ciro biro ɗaya daga aljihu ya mayar. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Daga waje ana jin ƙarar murfin tukunya yana rawa a kan wuta.

Da zai ce a fasa taron, da ya gama da ni. Da na koma gida da hoton allona a jaka, ba ni da abin yi da shi. Wallahi har na fara jin tsoron zai zama mutumin kirki a gabana.

Ya share gumi. Ya ce, "To ai... ba a ce lallai yana cutarwa ba, ko? Ke da kanki kin ce wataƙila."

"Barin ƙwayar ba wataƙila ba ne."

"Na ji. Na ji." Ya juya wurin uwarsa, ya rage murya irin yadda yake yi wa masu saye. "Hajiya, ki ɗan ƙara daurewa zuwa bayan taro. Kin san 'yan aikin nan da baki, in suka ga kina shan na asibiti gobe ya zagaye gari. Kwana nawa ne? Ana gamawa ni da kaina zan kai ki, can wani asibitin da ba a san mu ba."



Na yi watanni ina tsara yadda fuskar Hajiya za ta koma ranar da na rama. Ban taɓa hango wannan ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Kallonsa kawai take yi, a hankali, tun daga hularsa har takalmi, irin kallon da ta yi mini ranar farko. Ita ta ce za ta mutu dominsa, amma ba ta taɓa zaton zai karɓa ba.

"Hajiya, ba fa nufina..."

"Fita."

"Ki tsaya ki ji..."

"Na ce fita. Tukunyarka tana ƙonewa."

Ya fita yana waiwaye. Na ji daɗi, masu karatu. Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi na ji har cikin ƙashina.

Hajiya ta bi ƙofar da kallo. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Miƙo mini kwalin can."

Na ɗauko, na goge ƙurar da bakin abayata, na ɓallo mata ɗaya. Ta haɗiye da ruwan da ke gefen gado. Ta mayar da kai kan matashi ta rufe ido.

Na ɗauki jakata. Na kai bakin ƙofa ke nan ta yi magana.

"Ban ce na yafe miki ba. Kin shigo gidana kin raba ni da ɗana."

"Ni ma ban ce na yafe miki ba, Hajiya."

"Ya yi." Ta buɗe ido. "Zai ce kada ki zo taron. Zai sa masu gadi a ƙofa."

"Na sani."

"Ki goge farar rigarki, ki zo nan da wuri. A motata za ki shiga. In ga mai gadin da zai tare uwar mai shago."